Kawu Ɗan-Jimma da Silimar Kumandan

Ku da kunka san Kawu Ɗan-Jimma kun san ba a kallon silima da shi cikin kwanciyar rai. Da an kunna tele zai jawo kujera, ya tsuke ido, ya ce, "To, mu gani ko da namu ciki."

Wata rana a gidan kallo na bakin tashar Konni anka sa wata tsohuwar silima ta Nasaru. Uba da ɗa na faɗa wurin cin abinci, uwa na kuka. Sai Kawu ya ce, "Abincin ga da suke kuka a kai, wa ya dafa shi?"

Mai gidan kallo ya ce, "Baba, wasa ne."

"Wasa ne, amma kwanonin ga wani ya wanke su."

Korar shi anka yi. Washegari shi ya fara zuwa.

Na Hausa ma bai ƙyale ba. Wai kowa na da bene da mota, manomin ƙauye irin na Dogarawa kuwa ba a nuna shi sai in ana son a yi dariya. Na ce, "Kawu, ka bar kallo mana." Ya ce, "Ke, in na bari wa zai riƙa jin haushi?"

Haushin yana da tushe. Zamanin Nasara, yana ƙarami, wasu Faransawa sunka zo Konni ɗaukar silima kan iyalin wani kumandan, Baturen mulki. Inna, mahaifiyarshi, ita ce mai dafa musu abinci a ciki, har magana sunka sa ta yi. Ta rasu ba ta gani ba, kuma ba ta bar hoto ko guda ba.

Bara waccan ɗana Sani ya samo silimar a intanet. Munka taru a zaure da hantsi, Kawu ya sha babbar riga, har da turare. Ga kumandan, ga madam, ga ɗiyansu, ana ta rigimar wa zai koma gida Faransa. Can sai ga hannuwa biyu da munduwa sun aje kwano bisa tebur. Kan mai su bai shiga hoto ba.

"Tsaya. Maido baya," in ji Kawu. Ya matso har hancinshi na taɓa gilashin tele. "Ita ce. Ga tabon ƙunar nan."

Maganarta an yanke. Da anka zo ga sunaye, ya sa Sani ya karanta mishi su kaf. Babu Inna. Akwai sunan karen kumandan.

Kawu ya ce, "Ai da gaskiyarsu. Karen ya yi lakwal, ɗan boko ne."

Munka fashe da dariya, ban da shi. Ya tuɓe rigar, ya ninke ta a hankali, ya ce an yi asarar turare.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sada shi da Inna inda zai kalli fuskarta har ya ƙoshi. Amin.