Shukar da Ba a Ci

Matata ta rasu a bazarar bana, kafin ruwa ya sauka. Tun daga ranar mutane ke zuwa suna ba ni labarin halinta, ina saurare ina godiya. Akwai abu guda da babu mai faɗinsa, don waɗanda suka gan shi duk sun rasu. Shi nake so in rubuta tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

Zamanin Turawa ne, wajen ƙarshen mulkinsu. Hukumar En'e ta sarki ta tura ni koyarwa wata ƙaramar elementare a wani gari tsakanin Wurno da Goronyo, kusa da gulbin Rima, tun babu mai tunanin za a datse shi. Karatuna bai yi nisa ba, kuma aikin na gwaji ne. Ban daɗe da aure ba. Matata 'yar Wurno ce, tana ɗauke da cikin fari. Bisa al'ada, idan cikin ya tsufa za ta koma gidansu goyon ciki, ta zauna can har ta gama wanka. Wannan bai dame ni ba, don daga makarantar zuwa Wurno mai ƙafa yana isa kafin azahar.

Da sanyi ya wuce, malamin da ke zagaya makarantu ya zo mana. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya ce Baturen ilmi yana son kowace makaranta ta yi lambu, da kayan miya da furanni, kuma zai zo da kansa ya gani idan damina ta zauna. Ya miƙo mini wasu 'yan takardu da iri a ciki, an zana jajayen furanni a bayansu. Da na raka shi bakin gari ya gaya mini sauran maganar. An buɗe sabuwar makaranta can gabas, bayan Gandi da nisa, ana neman wanda za a tura. Cikin malaman gwaji za a ɗauka, kuma wanda rahotonsa ya fi rauni shi zai tafi. Idan aka tura ni can, ba zan ga haihuwar ba, ba zan ga suna ba.

Ban ji tsoro ba. A lambun albasa na tashi, tun ina ƙarami nake jan jigo ina ban ruwa a fadamar mahaifina. Idan da lissafi za a gwada ni da na yi fargaba, amma ƙasa da ruwa na san su.

Muka share bayan aji ni da yara. Muka yi shingen ƙaya saboda awaki, muka ja fangali, muka kwaso taki daga makwancin shanun Fulani. Na sa alayyafo da yakuwa da rama, da tattasai da gauta, kabewa kuma a gindin shinge. Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai. Rijiyar makaranta ta ja ƙasa har sai da muka ƙara wa guga igiya, daga baya ma yara suka koma tonon ruwa a yashin gulbi suna kawowa a tuluna. Mukan ba da ruwa da sassafe da kuma bayan la'asar. Na kafa rumfunan zana a kan ƙananan shuka, na rufe ƙasa da ƙaiƙayi don ta riƙe laima, na barbaɗa toka saboda ƙwari. Lokacin da gari duk ya bushe, ganye ya yi wuya a kasuwa, yarana suna komawa gida da damin alayyafo. Iyayen da suka ba da 'ya'yansu boko ba da son ransu ba suka fara gaishe ni tun daga nesa.

Furannin ne ban san kansu ba. Na zuba rabin irin a fangali kamar na albasa, ko ɗaya bai fito ba. Na kawo sauran gida ina jujjuya takardar. Matata ta karɓa, ta zuba a tafin hannunta ta duba, ta ce wannan iri bai yi kama da mai son rana tun yana jariri ba, in bar mata. Ba ta fita, ba ta taɓa ganin lambun ba, amma ita ma 'yar manoma ce. Ta tara fasassun tukwane, ta cika su da ƙasar gindin randa, ta jera su a inuwar katanga. Ruwan alwalarta da na wankin shinkafa take zuba musu. Ruwa yana da tsada a lokacin, ba ta yarda a ɗebo tulu guda dominsu ba. Suka fito. Da safe nakan same ta a durƙushe da cikinta tana juya tukwanen, wai kada gefe guda ya fi shan haske.

Da suka yi ƙwari na kwashe su zuwa makaranta. Takardar ta nuna a dasa su a kewaye, ba a jere ba, don haka na yi musu da'ira a ƙofar lambu da gefen hanyar shiga. Guda uku ta hana ni ɗauka, ta ce ba su da ƙarfi, rana za ta kashe su.

Ruwan farko ya sauka, mai yawa. Cikin 'yan kwanaki ciyawa ta taso ko'ina, har ta cakuɗe da furannin, waɗanda a lokacin ba su wuce taƙi guda ba kuma ba su fara fure ba. Na yi niyyar mu nome da yara, amma ranar Alhamis da yamma na tafi Wurno gaida surukaina da tsayar da ranar da za a zo ɗaukarta. Na kwana can.

Da na dawo ranar Juma'a da la'asar, ta makaranta na fara bi. Lambun tsaf, ban taɓa ganinsa da kyau haka ba. An nome kowane fangali, an gyara shinge, an tara ciyawa a waje awaki suna ci. Ƙofar lambu da gefen hanya kuwa an share su ƙal, an ja kunya sabuwa. Babu fure ko ɗaya.

Mai unguwa yana zaune a gindin bishiyar bedi yana jirana, tsoho ne da jikokinsa biyu ke ajina. Fuskarsa cike da murna. Ya ce iyayen yara ne suka ga na ciyar da gidajensu duk bazara, suka ce ba za su bar ni da noma ni kaɗai ba. Shi ya kira gayya, suka fito da hauyoyinsu bayan sallar asuba kafin su wuce gonakinsu. Wurin da suka ga na bari ya lalace da haki kuma sun shuka mini kuɓewa, irin gidansa, mai saurin yi.

Na durƙusa na yi godiya yadda ta kamata. Mutane sun bar gonakinsu a farkon damina sun zo sun yi maka aiki, babu abin da za ka ce sai godiya. Amma ya ga fuskata. Ya tambaya, na gaya masa abin da ke wurin.

Ya ce sun lura da shi. Sun tuge guda sun zagaya da shi hannu hannu, sun shinshina, wani ma ya tauna ya tofar. Duk cikinsu babu wanda ya san shi, kuma abin da manoma suka taru ba su sani ba a cikin gona haki ne. Da'irar kuwa sun ɗauka wasan yara ne.

"To Malam, mi ake ci gare shi? Ganye, ko ɗiya, ko saiwa?"

Na ce ba a ci.

"Magani na?"

Na ce a'a, Baba, kallo ake yi.

"Kallo," in ji shi. Ya daɗe yana duban kunyar. "Duk ruwan ga da yara sunka ɗauko bisa kai."

Da na shiga gida ban iya ɓoye mata ba. Na zaci za ta yi kuka, don ita ta yi wahalarsu. Ba ta yi ba. Ta tambayi abin da aka shuka a wurin, na ce kuɓewa. Ta ci gaba da tankaɗe garinta, can ta ce, "Malam, ita kuɓewa ba ta fure?"

Na zauna ina tunani. Tun ina yaro nake ganin furen kuɓewa, rawaya mai jan ciki, ban taɓa tsayawa na kalle shi ba, ɗiyan da ke bayansa nake nema. Ta ce yakuwa ma tana yi, kabewa ma haka. Ta ce kada in tuge abin da dattawa suka shuka da hannunsu, in bar shi ya girma. Abu guda ta gargaɗe ni: furen kuɓewa da hantsi yake buɗewa, kafin la'asar ya yamutse. Idan baƙon ya zo, in kai shi lambu da safe. Sannan ta nuna mini tukwane ukun nan da ta hana ni ɗauka. Sun yi ƙarfi.

Bayan kwanaki 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita. Na dasa ukun a bakin ƙofar lambu. Mai unguwa da kansa ya kewaye su da ƙaya, kuma duk wanda ya zo wucewa da hauya sai ya kira shi ya nuna masa, ya ce wannan hakin Malam ne, ba a taɓawa.

Baturen ya zo gero yana kai wa ƙugu, tare da malamin zagaya. Ya so ya fara da aji, ya ga lambu da yamma. Na roƙi a fara da lambu, na ce akwai dalili. Ya dube ni, ya yarda. Hantsi ya ɗaga, kuɓewa ta buɗe tun daga ƙofa har ƙarshen hanya, kabewa ta hau shinge da nata furen, ƙudan zuma suna ta kai da kawowa. A tsakiya ga jajaye guda uku.

Baturen yana jin Hausa. Ya tambayi ina sauran irin da ya aiko. Na gaya masa yadda aka yi, ban rage ba ban ƙara ba. Mai unguwa, wanda ya biyo mu ba a kira shi ba, ya ce shi ya sa a tuge, idan da laifi nasa ne. Baturen ya tambaye shi mutum nawa suka zo gayyar. Tsohon ya ce bai ƙirga ba, duk mai ɗa a makarantar ya zo, har da waɗanda ba su da shi. Baturen ya shiga cikin lambun. Ya zagaya fangali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi yara sunan kowace shuka da yadda ake ba ta ruwa, suka amsa. Sannan muka shiga aji.

Da za su tafi, malamin zagaya ya tsaya gyara sirdin dokinsa har Baturen ya yi gaba. Ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, in fara neman irin albasa, don ni zan yi lambun rani a nan.

Ta haihu kafin a yanke gero, mace. Labari ya iso ni da safe, na sallami yara, azahar a Wurno na yi ta. Na tafi mata da kuɓewa cikin ƙwarya, da busasshen kan fure guda a aljihu. Ta murza shi a tafin hannu, ta ƙulle irin a bakin zanenta.

Har muka bar garin ba ta taɓa shiga lambun nan ba. Amma duk gidan da aiki ya kai mu, akwai jajayen furanni a gindin randarta, daga irin wancan kan guda. Maƙwabta sukan tambaye ta amfaninsu, takan ce na Malam ne. Ni kuma idan an tambaye ni nakan ce nata ne.

Bana ba ta samu ta shuka ba, ciwo ya riga ya kwantar da ita. Da ruwan farko ya sauka bayan rasuwarta, sai ga su sun fito da kansu daga irin da ya zube bara. Jikata ta zo sharar tsakar gida, na ga ta nufi wurin da 'yar hauya. Na ce ta bar nan. Ba ta tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Na sa an samo mini ƙaya na kewaye su. Yanzu a wurin nake alwala.