Rakiyar Ƙanwata Gaban Malaman Kwaleji

Ana sallame sallar asuba a masallacin layinmu na Tudun Wada da ke Zariya muka kama hanya, ni da ƙanwata. An kwana ana ruwa, kwatocin unguwa sun cika sun tumbatsa, har sai da mai keken da ya ɗauke mu ya zagaya ta Kongo kafin ya kai mu tasha. Ita tana rungume da jakar littattafanta cikin hijabi kamar mai ɗauke da jariri, ni kuma ina riƙe da buta da lema.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da mu, 'yan'uwa. Ƙanwar nan tawa ta ba arba'in baya da daɗewa. Tun rasuwar mijinta ta dawo gidanmu, kuma ta fi shekara ashirin tana karantar da matan aure a wata islamiyya da ke bayan layinmu. Karatunta na zaure ne. Ta fara a hannun mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da ya rasu ta ci gaba a hannuna. To, bana makarantar ta shiga ƙarƙashin kulawar hukuma, aka ce duk malamin da ba shi da shaidar koyarwa, bai kuma kama hanyar samunta ba, zai ajiye aji in an dawo hutu. Ranar da ta zo mini da labarin ba ta yi kuka ba, amma tuwon da aka zuba mata a nan ya kwana.

Za ku ce Zariya da take cike da manyan makarantu, me zai kai mu wani gari? Mun zagaya. Ko'ina sai a tambayi sakamakon sakandare, ita kuwa firamare ma ba ta ƙarasa ba. Ana nan muka ji labarin wata kwalejin horar da malamai can gabas da Kano, wadda ta shigo da sabon tsari domin manya: wanda ya yi karatun zaure ko ya daɗe yana koyarwa, a gwada shi da rubutu da baki, in ya ci a ɗauke shi, ya riƙa zuwa lokacin hutu har ya gama. Gwajin sau ɗaya ake yin sa a shekara. In ta rasa wannan, ajinta ya tafi.

Kuɗin mota ya tashi fiye da yadda na san shi. Da na yi ƙorafi, direba ya nuna mini gidan mai da leɓe, ya ce, "Baba, ga masu motar can, ni ɗan aike ne." Muka yi addu'ar tafiya muka hau. Damina ta yi kyau bana, alhamdu lillahi. Daga Tashar Yari har Kwanar Ɗangora masara ta fi mutum tsayi, dawa tana biye. A Kwanar muka tsaya na sayi gasasshiyar masara mai zafi. Ƙanwata ta karɓa ta riƙe, har ta huce a hannunta ba ta kai baki ba, sai leɓɓanta ke motsi tana bitar karatu.

Kusa da ni akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati. Da ya ji inda za mu, ya ce shi bai gamsu da tsarin ba, wai in aka buɗe wa kowa ƙofar kwaleji, darajar takardar za ta zube. Na ce masa ai ba kyauta za a ba su ba, gwada su za a yi. Ya ce haka ake faɗa. Muka yi ta ja cikin mutunci har muka wuce gonakin shinkafar Kura, kore shar iyakar ganinka. Da ya sauka a Kano sai ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, Allah ya ba da sa'a. In kin ci, ki ƙaryata ni." Ta ce amin, kanta a ƙasa.

Muka canja mota a Kano bayan cunkoson da ya sa na tuba da raina na Tudun Wada. A gadar Wudil kogi ya kawo sosai, ruwan ja wur, masu soyayyen kifi suna cusa faranti ta kowace taga. Gaba kaɗan muka bar babban titi muka shiga wata hanya mai ramuka, inda duk wanda ya ci kifin nan ya san ya ci. Hantsi ya dubi ludayi muka isa.

Abin da na gani a harabar kwalejin ba zan manta da shi ba. Na ɗauka yara zan tarar, sai ga furfura ko'ina. Ga limaman ƙauye da rawunansu, ga wani tela da ya ce shi ke karantar da almuru a garinsu, ga mata tsararrakin ƙanwata sun yi layi a inuwar darbejiya. Da za a shiga gwajin rubutu, mai sanarwa ya ce kowa ya rubuta da abin da hannunsa ya saba: boko, ko Larabci, ko ajami. Na sa aka maimaita mini. Ni da na tashi da tawada da alƙalamin kara, ban taɓa zaton zan ga ranar da za a karɓi ajami a teburin hukuma a ba shi maki ba. Ƙanwata ta shiga, ta fito fuskarta a sake.

Bayan azahar aka fara gwajin baki, ɗaya bayan ɗaya. Ana kiranta ruwa ya sauko. Ina tsaye a baranda feshi yana dukana, sai shugaban masu gwajin ya hango ni. Mutum ne mai ladabi, ba zai wuce sa'ar ɗana na fari ba. Ya taso da kansa ya ce, "Haba Baba, ka tsaya cikin ruwa muna zaune? Shigo, ga kujera." Na tuɓe takalmi na shiga na zauna daga gefe, ina sa masa albarka.

Su uku ne, maza biyu da mace ɗaya mai tabarau. Shugaban ya fara da mai sauƙi. Ya ce, "Hajiya, mutum ne ya manta zaman tahiyar farko har ya miƙe tsaye. Me zai yi?"

Wannan mas'ala ce da ƙanwata za ta amsa ko daga barci aka tashe ta. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ne masani. Ga Yaya Malam nan."

Suka dubi juna. Na biyun ya yi mata tambaya a kan rabon gado. Ta ce, "Allah gafarta Malam, ga Yaya nan zaune."

Matar ta cire tabarau ta ce, "Hajiya, ba Yaya ne zai shiga aji ba fa, ke ce. Ko shi yake yi miki karantarwar?"

Ta ƙara sunkuyar da kai. Shugaban ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "To Hajiya, mun gode. Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya ɗaga hannu zai ce a kira na gaba.

A nan ne abin ya faɗo mini. A gidanmu, tun zamanin kakanmu, ɗalibi ba ya amsa mas'ala a wurin da malaminsa yake zaune. Ko ya sani, sai ya mayar da tambayar ga na gaba da shi. Ni ma haka na yi a gaban mahaifinmu har gemuna ya fara fari. Shi shugaban ya shigo da ni ne don girmamawa, ita ta yi shiru don girmamawa, ladabi biyu sun haɗu za su raba ta da ajinta.

Na miƙe na ce, "Malam, a yi mini afuwa, a dakata." Na yi musu bayani a taƙaice. Sannan na juya gare ta na ce, "Na ba ki izini, ki amsa."

Ta ce, "Yaya, kana zaune?"

Na ce, "Ai ga ni tsaye."

Na biyun ya kasa riƙe dariya. Ita kuwa ko gezau. Sai na ɗauki lemata na ce musu ni da ruwan nan mun saba, na fice na ja ƙofa.

Taga a buɗe take, na tsaya daga gefenta. Na ji ta koma kan tambayar farko. Ta ce wanda ya riga ya miƙe ba zai koma ba, zai ci gaba, ya yi sujada biyu kafin sallama. Da aka zo gado, na ji tana ba da misali da mudun gero da 'ya'yan gida, yadda take yi wa matan da ba su san lissafin takarda ba. Matar ta tambaye ta yadda take yi da mai goyo da ke fashin zuwa. Ta ce tana haɗa ta da maƙwabciyarta ta aji, su yi bita a tsakar gida suna tsinar shinkafa. Sai shugaban ya tambaye ta yadda ake tsara darasin zango a rubuce. Ta ce, "Wannan kam ban sani ba, ranka ya daɗe. Shi na zo koya." Na ji ya ce, "Madalla."

'Yan'uwa, shekara ashirin tana karantarwa, ban taɓa jin ta ba sai ranar nan, don namiji ba ya shiga ajinsu, a gabana kuma ba ta magana. Ina tsaye na manta ban buɗe lemar ba, rigata ta jiƙe sharkaf, ina jin salon mahaifinmu yana fitowa daga bakinta, har da yadda yake maimaita ƙarshen magana. Na gode wa Allah da ruwan da ke zuba a fuskata.

Matar mai tabarau ce ta rako ta waje. Ta ce, "Baba, ina kuka ɓoye wannan? Ranar da aka fara hutu ta dawo da tabarmarta da bokitinta. Amma don Allah kai ka zauna a gida." Na ce na ji na karɓa.

Muka kwana a gidan wani limami da muka haɗu da shi a layi, ya karrama mu da dambu da fura mai sanyi. Washegari muka juyo. A Wudil ƙanwata da kanta ta tsayar da mai kifi, ta ci ta ƙara, ta yi ta hira da matan cikin mota har Kano. La'asar sakaliya muka shigo Tudun Wada, muka tarar ɗalibanta sun cika tsakar gida suna jira. Guɗar da aka yi, har unguwar Gyallesu ina jin an ji ta.

Tafiyar nan ta koya mini cewa akwai ilimi mai yawa zaune a ɗakunanmu da zaurukanmu, ba abin da yake jira sai a kira shi a saurare shi. Waɗanda suka kawo tsarin nan, Allah ya saka musu, ya sa sauran makarantu su yi koyi, har mutum ya samu a garinsu ba sai ya ƙetare kogi ba. Amma ba hukuma kaɗai ke da aiki ba. Mu ma manya akwai wuraren da zamanmu ke rufe bakin na ƙasa ba mu sani ba. Ladabinmu abu ne mai kyau, ba zan so ya gushe ba, sai dai babba ya san lokacin tashi.

Jiya da hantsi wani maƙwabci ya yi sallama a zaure, matarsa ta aiko shi da tambaya a kan ramuwar azumi. Na buɗe baki zan amsa, sai na fasa. Na ce masa, "Koma ka turo ta cikin gida. Akwai Malama."