Facin Bayan Riga

Kowa Tela yake kiransa, har 'ya'yansa idan ba ya kusa. Shagonsa na ƙasa, ɗakinsa na saman bene. Matakalar gidan siririya ce, babu ƙarfen dafawa, sai bangon da tafin hannu ya goge har ya yi santsi.

Tun da ciwon gwiwa ya kama matarsa suke da tsarinsu na sauka. Shi a gaba, ita a baya ta damƙi rigarsa. Ƙafa mai ciwo ake fara saukewa, lafiyayyar ta tarar da ita, a numfasa, sannan a ƙara. Kullum sai ya yi mita: "Ke dai kin zame min kaya, duk kin yage min riguna." Ita kuwa ta ce, "Ai gidan tela na yi aure." Haka rigunansa suka cika da faci a wuri ɗaya, tsakanin kafaɗu, yana gaya wa kowa shi ne sandarta.

Bayan rasuwarta, ranar da ya fara sauka shi kaɗai, jiki ya rinjaye shi gaba, sai da ya zauna daɓas. Ɗansa ya kama hannunsa ta gaba yana ja, abin ya ƙara muni. Aka yanke shawarar mayar da shi ɗakin bayan shago. Tela bai yi musu ba, amma ya daina cin abinci. Masu saurin baki suka ce sabo turken wawa. Ba su san ƙamshinta bai bar ɗakin sama ba, kuma rabuwa da ɗakin ta fi faɗuwa ba shi tsoro.

'Yarsa ce ta hau haɗa masa kaya. Tana ninke riguna ta ga facin nan, kowanne zarensa ya karkata kamar an finciko shi baya da ƙarfi. Sai ta mayar da su inda ta ɗauko.

"Baba, tashi mu sauka," in ji ta.

Ta bar shi ya wuce gaba, ta damƙi rigarsa. Ya sauke ƙafa, jiki ya tafi, ta ja shi kaɗan, ya tsaya daidai. Sai a lokacin ya gane wanda ke riƙe da wani duk shekarun nan. Hawaye suka zubo masa, bai juyo ba.

Ya ce, "Ƙara sama kaɗan. Kan facin take kamawa."