Ranar da Aka Ce Malam Kyari Yana Bugun Ƙasa

Wata Laraba ce cikin damina, shekarar da na shiga aji huɗu na sakandare. An kwana ana ruwa, yashin filin makarantarmu a Bolori ya kwanta luf. Malam Kyari, mai koya mana fiziks, ya leƙo aji ya ce mu fito duka. A gindin dalbejiya muka tarar da tsohuwar tayar mota an ɗaura mata igiya biyu, kowace da sikelin rataya irin na mahauta, waɗanda ya aro a Kasuwar Shanu. Ya ba ni igiya ɗaya, ya ba ƙawata Falmata ɗayar, ya ce in ja gabas, ita ta ja arewa. Muka ja har muna nishi. Taya kuwa ta ƙi bin kowa, ta ratsa tsakaninmu ta ɗan karkata wajen Falmata, don ta fi ni cin tuwo.

Sikelina ya nuna sha biyar, nata ashirin. Malam ya tsuguna, ya shafe yashi da tafin hannu, ya ce kowane taƙi ɗaya na yatsunsa yana madadin biyar. Ya zana kibiya mai taƙi uku ta fuskanci gabas, daga bakinta ya tayar da wata mai taƙi huɗu zuwa arewa, sannan ya haɗa gindin ta farko da bakin ta biyu. Da ya auna sai ga taƙi biyar, wato ashirin da biyar, mu da muka rantse talatin da biyar ne. "Ƙarfi ba tsawo kaɗai gare shi ba," in ji shi, "yana da inda ya dosa." Ba don nishaɗi ya fito da mu ba. Masu akwatin kayan zane a ajinmu ba su cika hannu ba, ɗakin gwaji kuma tun da rufinsa ya rufta aka garƙame shi. Abin ya shiga raina har in na gama wanke-wanke da ɗiban ruwa, sai in tsuguna tsakar gida da tsinken tsintsiya, ƙannena suna jan turmi da igiyar shanya, ni ina faɗa musu inda zai bi.

A mako na gaba ne Alhaji Grema, shugaban ƙungiyar iyaye, ya shigo makaranta ya gan mu a fili. Ya ga mutum tsugune yana shafa ƙasa, yana jan layuka, yana faɗar inda taya za ta nufa tun ba a ja ta ba. Bai tambayi kowa komai ba, ya juya. Kafin Juma'a duk unguwa ta ɗauka wai malamin fiziks yana koya wa 'ya'yan mutane bugun ƙasa, irin na masu duba. Inna ta ƙwace tsinken hannuna ta ce, "Kada in ƙara ganin kin zana min ƙasa a gidan nan." Ga layukan 'yar gala-gala na ƙannena nan shimfiɗe a gabanta, su ba wanda ya ce duba ne!

Ban riƙe Inna ba, ban ma riƙe Alhaji sosai ba, abin da idonsa ya nuna masa ke nan. Wanda har gobe in na tuna raina ke ɓaci shi ne shugaban makarantarmu. Mutumin nan kimiyya ya karanta. Ya san kibiyar nan sarai, da zai tsuguna ya zana ta a gaban iyaye da an wuce wurin. Amma tsoron bakin mutane ya fi masa gaskiya. A gaban asambali ya umarci Malam Kyari ya nemi afuwar iyaye, ya yi alkawarin ba zai sake ba. Malam, wanda ban taɓa ganin jam'in azahar ya wuce shi ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, in ce na yi me?" Bai nemi afuwa ba, bai kuma kai ƙarshen zangon ba. Darasin fiziks ya koma lokacin shara da surutu, Falmata mai burin zama injiniya ta tattara ta koma ajin adabi.

Yanzu 'yata tana zana irin kibiyoyin nan a takarda mai gidaje-gidaje, da rula da ma'aunin kwana, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ta. Tsohon shugaban makarantar kuwa yana nan, ya yi furfura, kowa Baba yake ce masa. In mun haɗu a gidan biki sai in durƙusa in gaishe shi, don haka aka tarbiyyantar da ni, ya ce, "Wushe, 'yata," wato sannu, ni kuwa in miƙe in wuce. Malam Kyari an ce ya bar koyarwa, ban san garin da yake ba. Har yau ban ji wanda ya je ya ba shi haƙuri ba.