Sunan ɗan farina a gaban mai duba gida

Na shekara goma sha takwas ina shara da girki da goyo a unguwar Peckham ta ƙasar Turawa kafin na ji cewa ba na aiki. Maƙwabciyata ce ta kawo mini labarin, wata nas 'yar Jos da ke hawa na biyu. Tun 'yarta na wata bakwai take ajiye mini ita ta wuce asibiti. A bayana yarinyar ta yi haƙori, a falona ta fara tafiya. Ni take kira Mama, uwarta kuwa Mummy.

Ranar ta zauna tana murza zobenta, ta ce gwamnati na biya wa iyaye ma'aikata kuɗin reno, amma sai a gidan renon yara da suke kira nursery, ko wurin mai reno da ke da rajista. Ta ce kunya ta ishe ta, kullum ina wahala ina ƙin karɓar ko sisi. Ko dai in yi rajista, ko ta kai yarinyar nursery. Na tambaya ko ni ma za a biya mini renon autana. Ta ce a'a, ai ni ba na aiki. Amma idan na reni tata da takarda na zama ma'aikaciya, har in cancanci a biya wata ta reni nawa.

Ban damu da lissafinsu ba, rabuwa da yarinyar ce ba zan iya ba. Maigida ya cike fom. Na yi kwas na taimakon gaggawa, na hura wa 'yar tsana numfashi a gaban jama'a, ni da na yaye huɗu.

Sai ranar duba gida. Wata Baturiya ce mai fara'a, ta leƙa firij, ta taɓa tagogi, ta ƙi cin alkakin da na ajiye mata. Daga nan ta ce in faɗa mata sunayen duk wanda ya haura shekara sha shida a gidan. Na faɗi nawa. Na maigida na ambata da ƙyar, ina kallon kafet. Da aka zo kan babban ɗanmu sai na yi shiru. Ɗan fari ne, kuma sunan surukina gare shi. Tun da aka raɗa masa sunan bai taɓa fita daga bakina ba. "Kai" nake ce masa, ko "wancan".

Na ce mata, "Yana cikin takardar."

Ta tambayi yadda muke da shi. Na ba ta amsar da uwata za ta bayar, cewa ni ba ruwana da shi, na babansa ne. Ta daina murmushi, ta yi rubutu mai tsawo, ta ce za ta dawo.

Da na ba maƙwabciyata labari ta yi dariya har da hawaye, sannan ta nutsu ta ce, "Maman yara, matar nan fa ta ɗauka kin tsani ɗanki. Nursery kuma suna jiran amsata kafin ƙarshen wata."

Sati biyu ina kai kukana wurin Allah bayan kowace salla. Na gwada faɗin sunan ni kaɗai a kicin, famfo a buɗe, harshena ya ƙi.

Da mai duba gidan ta dawo, yarinyar na kan cinyata tana jan bakin hijabina. Baturiyar ta sake tambaya a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya. Na dubi yarinyar, na yi bismilla a zuci, na faɗa. Ashe da ƙarfi ya fito.

Ƙofar ɗaki ta buɗe, ga ɗan nawa tsaye, dogo har ya kusa taɓa saman ƙofa, fuska duk tsoro.

"Mum? What did I do?"

Ya ɗauka wani laifi ya yi. Na ce ya koma, babu komai. Bai koma ba, ya tsaya yana kallona. Baturiyar ta ja ɗan layi a takardarta ta wuce tambaya ta gaba, a kan inda nake ajiye wuƙaƙe.

Takardar rajistar ta iso bayan 'yan makonni. Yarinyar ba ta je nursery ba, tana nan a falona tana watsa mini shinkafa a kafet.