'Yan Tsakin Zumunta da Ƙusar Iya

Kurmin Kogi zuwa Ikara

Gari bai waye ba muka fita, ni da Kawu Dauda, ƙanen Mama, a kan babur ɗinsa. Mama ce ya kamata ta je Kudan ɗauko 'yan tsaki, amma ƙafarta ta kumbura. Matan zumunta na cocinmu sun haɗa hannu sun yi odar 'yan tsaki ɗari, ita za ta kiwata musu zuwa Kirsimeti. Idan waɗannan suka mutu, ko an sake saye ba za su isa yanka a kan lokaci ba.

"Talatu, sunana ne za ki ɗauko a kwalin nan," in ji Mama.

A Ikara muka ajiye babur, muka shiga mota. Sanyi ya sa yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa.

Makarfi

Mun tsaya shagon wani mai kayan lantarki, Kawu ya karɓi ƙaramar hita da wata soket mai lambobi a fuska. Tana da siririyar waya kamar wutsiyar ɓera, da ɗan ƙarfe a bakinta.

"Wannan wutsiyar ce ke jin zafi," in ji mai shagon. "In wuri ya yi sanyi ta kunna hita, in ya ɗumama ta kashe. A ajiye ta inda 'yan tsakin suke."

Kawu yana amsa waya lokacin. Ni na ji.

Kudan

Motar 'yan tsakin ba ta iso ba sai bayan la'asar. A hanyar dawowa, wani ɗan sanda ya leƙo a shinge ya ce, "Waɗannan fasinjojin naki sun cika surutu." Na sunkuyar da kai, motar ta wuce. Da muka iso Makarfi motocin Ikara sun ƙare, dole muka sauka gidan Iya Saratu, surukar Kawu.

Kawu bai wuce zaure ba, don ba ya haɗa ido da ita. Iya ta ba ni ɗakin baƙi, da tuwon masara miyar kuɓewa. Na yi wa 'yan tsakin shinge da kwalaye, na jona hita, na kwantar da wutsiyar a tsakaninsu. Allah ya taimaka ba a ɗauke wuta ba. Soket ɗin ta ce ƙyas ta kunna, can ta ce ƙyas ta kashe.

Da safe

Na fita wanka, na tsaya taya jikar Iya jan ruwa a rijiya. Da na dawo, ɗakin shiru. An share shi tas. Iya tana zaune a ciki, a kan kujerar tsakar gida da kwanon koko, kusa da hita.

"Shigo, 'yar nan. Abin naku daɗi, gwiwata har ta saki. Na ga wata waya a ƙasa suna tattakawa, na rataye miki ita."

Wutsiyar tana lilo a ƙusar jikin taga, inda iska ke shigowa. Can sanyi take ji, shi ya sa hita ta ƙi mutuwa. 'Yan tsakin sun manne da bangon kwali, baki buɗe, fukafukai a saki. Biyu sun riga sun kwanta.

Ƙusar tana daidai saman kan Iya. Ba zan tsallaka ta ba, kuma ban taɓa ce wa babba ya yi kuskure ba. Na ruga zaure.

"Kawu, zo ka gaya mata."

"Ni? Surukata? Ke dai lallaɓa ta."

Na koma na durƙusa. Na uku ya kife a gabana.

"Iya," na ce, "wayar nan hancin abin ce. A taga sanyi take shaƙa. Zafi zai kashe su."

Ta dube ni, ta dubi kwalin. Ta ajiye koko ta fizgo wayar da kanta ta jefa cikinsu. Muka tsura wa lambobin ido suna hawa. Ƙyas.

"Ɗauko faifai, buɗe ƙofa. Shi kuma wancan mai kunyar, ce masa ya kawo ruwa da sikari."

Muka yi ta fifita, muna tsoma musu baki a ruwa ɗaya bayan ɗaya. Kawu yana miƙo kofi daga bayan labule. A hankali kukansu ya dawo. Huɗu ba su tashi ba.

Da za mu tafi, Iya ta sa bakin wuƙa ta zare ƙusar, ta damƙa mini. "Kafa ta ƙasa ki ɗaure wayar, kada wata tsohuwar ta yi muku gyara. Kuma gobe ki yi magana tun kafin na farko ya kwanta."

Gida

Mun iso da rana tsaka, matan zumunta suna jira a tsakar gida. Maman Jummai, shugabarsu, ta ƙirga ta ɗago kai. Na faɗi yadda aka yi tun kafin ta tambaya. Ta ce huɗu ba komai, a hanya ma ana rasa fiye da haka. Sai lokacin Mama ta saki numfashi.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, da Kawu, da Iya Saratu. Ƙusarta tana nan a kafe a akurkin Mama, ɗan yatsa biyu daga ƙasa.