Zakaran Baba da Hukuncin da Aka Soke

Da daminar nan mahaifina, Malam Hamisu na Durun, ya cika shekara shida da rasuwa. Mutum ne mai fara'a da kyauta, amma in ya kafe a kan magana ko jaki sai ya sallama masa.

Wata ɗorawa ce ta raba shi da ƙaninsa, Baffa Sule. Gindinta na gonar Baffa, rassanta sun karkato gonar Baba, kowa ya ce 'ya'yanta nasa ne. Har gaisuwa suka daina. Ina zargin saboda ɗorawar nan Baba ya yarda na karanci lauya.

Da na zo hutu, na yi masa fariyar cewa an koya mana binciko hukunce-hukuncen kotu a rumbunsu na intanet. Washegari ya goya ni a babur sai Kabo, inda sabis ɗin waya ya fi ƙarfi. Na nemi "bishiya", shari'o'i suka zubo kamar ƙasa. Na ƙara "iyakar gona", suka ragu. Na buɗe wata ina fassara masa: alƙali ya ba mai gonar da rassa suka shiga gaskiya.

Ya ce, "Alhamdu lillahi! Rufe, Hadiza, kar ya canza ra'ayi."

Kafin la'asar an yanka zakara a gidanmu. Amma sauri ya haifi nawa. Malaminmu ya sha ja mana kunne cewa kowane hukunci sai an bi sawunsa an ga abin da kotun sama ta ce. Na hau turmi a tsakar gida ina laluben sabis, na bi sawu. Ashe kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi tun ina goye.

In na yi shiru, gobe Baba zai maka ƙaninsa a kotu, zumunci ya ƙarasa mutuwa. Na durƙusa na gaya masa. Ya dubi tukunyar zakaran, ya tambaye ni.

"To wa ya ci ke nan?"

"Mai gindin bishiya, Baba."

"Zakara na wanda ya ci ne. Kai wa Sule. Ki ce ba shiryawa muka yi ba, hukuma nake wa biyayya."

Bayan magariba Baffa ya dawo da kwanon da kansa, suka ci tare suna musu a kan gishiri.

Yau ɗalibai na tambayar manhajojin da ke ba da amsa nan take, wani sa'in har manhajojin su ƙirƙiro shari'ar da ba a taɓa yi ba. Da Baba na raye, na tabbata zai ce, "Ga alƙalin da ya san darajar dattawa!"

Ban gaji taurin kansa duka ba, amma na ga yadda mai taurin kai ke sauka ba tare da ya ce ya sauka ba, kuma ina kewarsa ƙwarai. Da ya kwanta jinya, Baffa ne ke juya shi a shimfiɗa, suna ta musunsu. Ranar da aka dawo daga maƙabarta, Baffa ya dube ni idonsa jawur ya ce, "Hadiza, yanzu da wa zan yi gardama?"

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta.